Su Ma Tsuntsayen Bakin Teku 'Yan Ci-Rani Ne

Duk wanda ya taɓa zuwa bakin teku a Ikko ranar yawon Salla ko ranar Kirsimati ya san irin cikar da wurin yake yi. Ga masu kiɗa da lasifika, ga masu sukuwa a kan rairayi, ga jiragen ruwa masu inji suna ta jigilar jama'a zuwa Tarkwa Bay. Ba wanda zai ga laifin mutumin da ya kwashe mako yana dako a kasuwar Mile 12, ko yana gadi a Ikoyi, don ya fita shan iska. Amma fa akwai waɗansu baƙi a wannan rairayi da ba a ko kula da su, alhali kuwa kowace fitar jama'a asara ce a gare su.

Baƙin nan tsuntsaye ne da ke tasowa daga ƙasashen Turai da arewacin Rasha don gudun sanyi. Sukan fara sauka wajen watan Satumba, su juya gida a Maris ko Afrilu. Wato dai ci-rani suke zuwa, kamar yadda Bakatsine ko Basakkwace yake saukowa Kurmi bayan girbi. Guzurinsu na komawa kuwa kitsen jikinsu ne. Waɗansu ƙanana daga cikin masu ratsa Sahara sai sun kusan ninka nauyinsu kafin su kama hanya, gama babu zango mai abinci a tsakiyar hamada.

To, kiwon tsuntsun gaɓa yana da lokaci. Idan ruwa ya janye, sai ya bi jiƙaƙƙen yashi da taɓo yana tsintar tsutsotsi da ƙananan ƙaguwa. Idan ruwa ya dawo, sai ya koma gefe ya huta. Doki ɗaya ya keto a guje, ko yaro ya yi jifa don ya ga tashinsu, garken duka zai watse sama ya yi ta kewaya. Tashi ɗaya ba kome ba ne. Amma in ya zama daga hantsi har magariba ana korarsu, sun ƙona kitsen da suka tara, kuma sun rasa sa'ar kiwo. Ba a ganin gawarsu a bakin teku, shi ya sa mai korar yake zaton wasa ya yi. Can a hanya ƙarfinsu yake ƙarewa.

Na gida ma ba su tsira ba. Akwai masu yin ƙwai a ɗan gurbi cikin yashi, launinsa sak na rairayi. Da an tayar da uwar, rana ta dafa ƙwan, ko hankaka ya riga ta dawowa.

Wurin kuma ƙara matsewa yake yi. Tun da aka cike Bar Beach da yashi don gina Eko Atlantic, masu shaƙatawa suka ƙara karkata gabas ta wajen Lekki, inda a da sai masunta. A nan Lekki ɗin akwai shaidar cewa ana iya haɗa yawon buɗe ido da zaman lafiyar tsuntsu. Gandun da ƙungiyar kare halittu ta NCF ta kafa a 1990, mai faɗin hekta 78, an shimfiɗa masa hanyar katako, kowa a kanta yake bi, ba mai kutsawa cikin kurmi. Ko da yake tun da aka buɗe gadar sama mai tsawon mita 401 a 2015, masu zuwa ɗaukar hoto da ihu sun fi masu zuwa kallon tsuntsu yawa.

Maganar ta shafi 'yan Arewa kai tsaye, domin da yawa daga cikin samarin da ke ba da hayar dawaki a bakin teku 'yan Arewa ne, kuma da wannan suke aika wa iyaye kuɗin taki. Ba a manta da abin da ya sami 'yan acaɓa ba a watan Yuni na 2022, sa'ad da Gwamnatin Jihar Legas ta hana su aiki a ƙananan hukumomi 6. Sana'ar da ba ta tsara kanta ba, wata rana hukuma ce za ta tsara ta, kuma ba da lallashi ba. Nijeriya tana cikin yarjejeniyar Bonn ta 1979 kan kare dabbobi masu ƙaura, saboda haka hujjar doka ba za ta yi wa hukuma wuyar samu ba.

Ladabin nan ba baƙo ba ne ga Bahaushe. A garinsu shamuwa takan yi sheƙa a kan bishiyar tsakiyar gari da damina, yaron da ya ɗaga mata danƙo kuwa kowane babba yana da ikon tsawata masa. Abin da ya rage shi ne Sarakunan Hausawa na unguwannin Ikko su tara shugabannin masu dawaki, su zauna da masu kula da wuraren shaƙatawa, a kafa turaku a keɓe inda tsuntsaye ke taruwa daga Satumba zuwa Afrilu. A yi sukuwa a sauran filin, masu jiragen ruwa kuma su rage wuta idan sun zo daidai wurin.