Sara: Inda yaro ke girma bai taɓa zama da wanda ba irinsa ba

A garin Sara da ke Ƙaramar Hukumar Gwaram, yaro na iya gama firamare bai taɓa sa hannu a kwano ɗaya da wanda ba Musulmi ba. Ba ƙiyayya ce ta jawo haka ba, zaman garin ne ya zo da shi: makarantar allo, Islamiyya, filin ƙwallo, duk harshe ɗaya ne, alƙibla ɗaya.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake samun irin wannan ba. A Jihar New York ta Amurka akwai garin Kiryas Joel, wanda Yahudawa mabiya Satmar suka kafa a shekarun 1970. Kusan kowa a garin Bayahude ne, yara kuma da harshen Yidish suke buɗe baki kafin Turanci. Yaron can da na Sara sun haɗu a abu guda: abin da suka tashi suka tarar shi ne ma'auni, saura duk baƙo ne.

Sai dai Sara gari ne na kasuwa, don haka yaronta ya san baƙo. Ya san shi a bayan kanta, yana miƙo magani ko kayan gyaran babur. Sanin ciniki ke nan, wanda ba ya kai mutum gidan suna ko zaman makoki. Sauran labarin mutanen Kudu kuwa a waya yake samunsa, kuma abin da ya fi yawo a Facebook da TikTok shi ne na ranar da aka yi rikici.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne bambancin da ke ƙofar gida, wanda ba a ƙirga shi. A yankin Birnin Kudu da Gwaram, har zuwa Warji da Ningi a Jihar Bauchi, akwai Warjawa masu harshensu, wanda dangin Hausa ne a wurin masana harsuna. Da yawansu sun musulunta, Hausa ta mamaye bakin 'ya'yansu, wasu kuma Kirista ne. Matashin Sara zai iya lissafa ƙabilun Kudu uku ko huɗu, amma da wuya ya kawo gaisuwa ɗaya da Warjanci. Fulanin ruga ma galibi sai kaka ta yi, shanu sun shiga gona, ake tuna maƙwabta ne. Bambancin da yaro ke ji a jikinsa tun yana ƙarami shi ne na Izala da ɗariƙa.

Wannan ne ya sa batun yi wa hukumar NYSC garambawul, wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa wa kwamiti a 2025, ya shafi garuruwa irin Sara fiye da Abuja. Janar Yakubu Gowon ya kafa shirin a 1973, bayan yaƙin basasa, domin matasa su zauna da waɗanda ba nasu ba. Ga ɗalibin ƙauye, ɗan bautar ƙasa mai koyar da lissafi kan zama Kirista na farko da ya san sunansa, ya ga fushinsa, ya ga dariyarsa.

Ƙofar tana ƙara tsukewa. Tun kashe masu bautar ƙasa a Jihar Bauchi bayan zaɓen 2011, iyaye da dama a Kudu ba sa sakin jiki da Arewa, duk da cewa Jigawa na cikin jihohin da suka fi zaman lafiya. Wanda aka turo sansanin Fanisau kusa da Dutse yakan fara neman sauyin jiha tun bai kwance jaka ba, wanda ya tsaya kuma ya fi son a bar shi a Dutse. Iyayen Arewa ma haka suke yi idan takardar ɗansu ta nuna Ebonyi ko Bayelsa.

Idan kwamitin ya karkata ga barin kowa ya yi hidima a yankinsu, kamar yadda wasu ke kira, makarantun Gwaram za su ci gaba da samun malaman lissafi. Daga Dutse da Kano za su zo.