Tsohuwar Kyanwa Ma Tana da Haƙƙi

'Yan'uwana ɗalibai, wa ke gadin rumbunan gero da dare a Gurbin Bore? Kyanwa ce. Ita ke kama ɓerayen da ke cinye mana hatsi. Amma da ta tsufa, haƙora suka zube, sai a kore ta da tsintsiya, ta mutu bayan gari. Akuya ko tari ta yi an nemo likitan dabbobi, don ita kuɗi ce. Kyanwa kuwa ba mai sayenta a kasuwar Shinkafi. Magani ya yi tsada, gaskiya ne, mutane ma da ƙyar suke saye. To ragowar tuwo da ruwa a kasko fa, nawa ne? Ina roƙon ƙaramar hukumar Zurmi, duk ranar rigakafin shanu, a duba kyanwowinmu su ma.