Tiyatar ƙwaƙwalwa: Wane likita ya kamata majinyaci a Yola ya nema?

Idan hatsarin mota ya rutsa da mutum a hanyar Yola zuwa Numan, ya bugu a kai, 'yan uwansa kan bazama neman "likitan ƙwaƙwalwa". Sai dai sunan ya ƙunshi ƙwararru uku, kuma rashin bambance su kan jawo jinkirin da ke iya kai wa ga asarar rai.

Likitan jijiyoyi na kula da farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki ta hanyar magani. Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa shi ke buɗe ƙoƙon kai domin kwashe jinin da ya taru, ko cire ƙari, ko sanya bututu ga jaririn da ruwa ya kumbura wa kai. Likitan taɓin hankali kuwa fanninsa daban ne.

Tun 1962 Farfesa Latunde Odeku ya kafa sashen wannan tiyata a Ibadan, amma har yau ƙwararrun sun yi ƙaranci, galibinsu kuma suna manyan asibitocin koyarwa, irin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

A Adamawa, matakin farko shi ne garzayawa Asibitin Ƙwararru na Jimeta ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama. A can ne likita zai nemi hoton CT, sannan ya ba da takardar tura majinyaci ga ƙwararren da ya dace.

Amai, yawan barci, jijjiga ko suma bayan buguwa a kai alamu ne na haɗari. Jinin da ke taruwa cikin ƙoƙon kai na iya kisa cikin sa'o'i, ko da mutum ya farfaɗo yana magana.