Kirsimeti a Nijar: kasuwa na neman shan gaban coci

Da zarar Disamba ya kama, kasuwa kan riga coci fara shirin Kirsimeti. Manyan shagunan Yamai na rataya fitilu da itatuwan roba, teloli a Maraɗi da Damagaram na kwana kan keke, kuɗin kaji da zabbi kuma ya soma hawa. Ranar 25 ga Disamba hutu ce a hukumance a Nijar, ko da yake Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar ƙasar ba.

Matsin kashe kuɗin ya fi shigowa ta wayar salula. Ɗan Nijar da ke zaune a Faransa ko Amurka yana cikin tallace-tallace tun daga rangwamen Black Friday na ƙarshen Nuwamba. Hotunan teburin abinci da tarin kyaututtuka na isowa gida ta WhatsApp da TikTok, yara su gani, su ce su ma haka suke so. Na waje ya matse kansa ya aiko kuɗi don kada a ce ya manta da gida, na gida kuma ya ci bashi don kada a raina shi.

Aljihun jama'a bai kai wannan gasa ba. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 hanyar Kwatano ta toshe, kaya da yawa sai sun zagayo ta Lome da Burkina Faso, abin da ke ƙara musu tsada. Magidancin da ya ranto kuɗin ɗinki da shagali a Disamba, masu bin bashi ne za su tarbe shi a Janairu. Musulmi ma sun san wannan ciwo, domin shi ne ke kama mai cin bashin ragon layya don idon maƙwabta.

Ga Kiristocin Nijar, asarar ta wuce ta kuɗi. Jama'a ce 'yar kaɗan, kuma Kirsimeti na cikin ranakun da maƙwabta suka fi zuba musu ido. Da yawa daga masu cika mashaya da wuraren rawa a daren 24 da na 31 ga Disamba ba Kiristoci ba ne, amma sunan bikin ake kira. Idan abin da unguwa ta sani game da Kirsimeti shi ne giya da kiɗa, da shi za a auna addinin. Waɗanda suka ga ƙone-ƙonen coci-coci a Damagaram da Yamai a ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015 sun san tsadar mummunar fahimta. Mutuncin da Kiristoci ke da shi a ƙasar Hausa ta Nijar hidima ce ta gina shi, kamar asibitin Galmi da ke karɓar kowa tun 1950 da cibiyar kula da kutare ta Danja.

Koyarwar coci a kan wannan a fili take. Linjilar Luka ta nuna an kwantar da jariri Yesu a komin dabbobi don babu masauki. A wa'azinsa na daren Kirsimetin 2018, Paparoma Francis ya soki kwaɗayin tara kaya, inda wasu ke cin na alfarma alhali da yawa ba su da na sakawa a baki.

Babu mai hana sabon kaya ko shinkafa da kaza. Tsari ne ke bukatar gyara: a tsayar da abin da za a kashe kafin shiga kasuwa, a fara da addu'a a coci, a ware kwanon gwauruwa da marar lafiya da maƙwabci Musulmi, kamar yadda naman layya ke shigowa gidan Kirista. Mai aiko kuɗi daga waje ma yana da ta cewa, domin zai iya faɗin nawa ne na biki, nawa ne na makarantar yara. Iyalin da suka shiga Janairu ba bashi, suna gaisawa da maƙwabtansu, ba su rasa komai na Kirsimeti ba.