Daga ina saƙon ya fito? Abin da sabon tsarin X ya tona, da abin da ba zai iya tonawa ba

A ƙarshen watan Nuwamban 2025, kamfanin X, wanda a da ake kira Twitter, ya fara nuna wa jama'a ƙasar da kowane shafi yake aiki daga cikinta, tare da ranar da aka buɗe shi da yawan lokutan da ya canza suna. Ba a yi kwana biyu ba sai asiri ya fara tonuwa. Shafuka da dama masu ɗauke da tutar Amurka, masu zafafa magana kan siyasar Donald Trump, sai aka ga an rubuta musu Najeriya, ko Bangladash, ko Gabashin Turai.

Wani ɓangare na dalilin kuɗi ne. Tun 2023 X ke biyan wasu masu shafuka gwargwadon yadda saƙonninsu ke jan hankali, saboda haka wanda ke zaune a Legas na iya samun abin sawa a baka ta hanyar hura wutar rikicin wata ƙasa da bai taɓa takawa ba.

Ga Nijar wannan ba baƙon labari ba ne. A watan Mayun 2019, Facebook ya rufe shafuka da asusu 265 da ya danganta da wani kamfanin Isra'ila mai suna Archimedes Group. Masu tafiyar da su na nuna kansu a matsayin ƴan ƙasa ko kafafen labarai na gida, kuma Nijar na cikin ƙasashen da aka nufa, tare da Najeriya, Senegal, Togo, Angola da Tunisiya. A watan Disamban 2020 kamfanin ya sake rufe wasu gungun shafuka guda uku, ɗaya ya ce yana da alaƙa da mutanen da ke kusa da rundunar sojan Faransa, biyu kuma da ƴan Rasha. Na Faransa ya fi mayar da hankali kan Afirka ta Tsakiya da Mali, amma ya taɓo Nijar, Burkina Faso da Cadi. Ke nan, muryar da ke ihu da sunan talakan Sahel ba kullum take fitowa daga Sahel ba, kuma ba ɓangare guda ne ke wannan wasa ba.

Yadda ake gano wuri

Kowace waya da ta hau intanet tana samun lambar da ake kira IP daga kamfanin sadarwa, kamar Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom ko Niger Telecoms. Wannan lamba na nuna ƙasa, wani lokaci gari, amma ba ta nuna unguwa ko gida. GPS na waya ya fi ta daidaito, domin yana iya nuna wuri da kuskuren ƴan mitoci kaɗan, sai dai yana buƙatar mai waya ya ba manhaja izini. Kamfanin sadarwa kuma ya san eriyar da waya ta kama a kowane lokaci, kuma tun da ana yin rajistar layi da takardar shaida, ya san sunan da ke kan layin. Hoton da aka ɗauka da waya na iya ɗaukar bayanin wuri a ɓoye cikinsa, amma Facebook da X na share shi daga hoton da jama'a ke gani, haka ma WhatsApp idan an tura shi a matsayin hoto.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan, wato karanta abin da ke cikin hoton kansa. A 2018 wani bidiyo ya yaɗu na wasu masu kayan soja suna harbe mata biyu da yara biyu. Gwamnatin Kamaru ta fara cewa ƙarya ne, wasu kuma suka ce a Mali aka ɗauka. Masu bincike na BBC Africa Eye suka gwada siffar tsaunin da ke bayan mutanen da hotunan tauraron ɗan'adam, suka kai ga wata hanya kusa da ƙauyen Zelevet a arewa mai nisa ta Kamaru. Daga gine-gine da inuwar mutane suka ƙiyasta cewa tsakanin watan Maris da Afrilun 2015 ne. A 2020 kotun soja ta yanke wa sojoji huɗu ɗaurin shekara 10.

Inda tsarin ke tuntuɓe

Alamar ƙasa a kan shafi ba hukunci ba ce. X da kansa ya yarda cewa ana samun kuskure, musamman ga matafiya da masu amfani da VPN, manhajar da ke sa waya ta bayyana kamar tana wata ƙasa. Lokacin da Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, ɗimbin ƴan ƙasar sun ci gaba da rubutu ta wannan hanya, suna zaune a gida amma na'ura na ganin su a Turai ko Amurka.

A kudancin Nijar matsalar ta fi haka. Ɗan kasuwar Ƙonni, Ɗan Isa ko Magarya da ke riƙe da layin Najeriya saboda hulɗa da Illela, Jibiya ko Daura zai iya bayyana a matsayin wanda ke Najeriya alhali yana cikin shagonsa. Ɗan Tawa da ke cirani a Libiya ko Abijan, ko ɗalibin Damagaram da ke karatu a waje, yana da cikakken haƙƙin yin magana kan ƙasarsa. Idan aka mayar da alamar wuri sandar dukan duk wanda ya soki wani abu, ƴan ƙasa na gaskiya ne za su fara shan ta, yayin da ƙwararrun masu farfaganda za su sayi VPN ko su ɗauki ƴan gida aiki. An riga an ga haka: a watan Maris na 2020, Facebook da Twitter sun rufe wani gungun da ke aiki daga Ghana da Najeriya a madadin wasu ƴan Rasha, yana nufin baƙaƙen fatar Amurka. Masu rubutun ƴan Afirka ta Yamma ne, umarnin ne ya zo daga nesa.

Sannan mafi yawan jita-jitar da ke yawo a Maraɗi ko Damagaram ba ta X take bi ba. Ta WhatsApp take zuwa, galibi saƙon murya. A nan saƙonni a rufe suke tsakanin mai turawa da mai karɓa, kuma manhajar na nuna cewa an turo saƙo ne kawai, ba ta faɗin wanda ya fara shi.

Wa ke ɗaukar nauyi

Wannan giɓi ne ke sa hatsarin ya sauka kan na ƙasa. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019, wadda aka sassauta a 2022, ta sake tsananta a watan Yunin 2024 lokacin da hukumomin CNSP suka dawo da hukuncin ɗauri: shekara 1 zuwa 3 kan ɓata suna ko zagi, shekara 2 zuwa 5 kan yaɗa abin da ka iya tayar da hankalin jama'a. Wanda ya ƙirƙiri saƙo daga wata nahiya hannun alƙalin Yamai ba ya kai masa. Wanda ya tura shi cikin gungun ƴan unguwa da layin da ke ɗauke da sunansa kuwa, gano shi ba wuya.

Fasahar gano wuri tana da fuska biyu. Ita ce ta kai sojojin Zelevet gaban kotu, ita ce kuma za ta iya kai wa ga ɗan jarida ko mai tsegunta almundahana. Nijar na da hukumar kare bayanan sirri ta HAPDP, sai dai tun 2020 akwai dokar da ta ba hukumomi damar sauraron wasu hanyoyin sadarwa da sunan tsaro, dokar da ƙungiyoyin kare haƙƙi suka soka saboda ba ta bai wa alƙali isasshen iko na sa ido ba.

Abin da ke hannun mai waya ba shi da yawa, amma yana da amfani. A manyan shafukan Facebook akwai sashen da ke nuna ƙasashen masu kula da shafi da sunayen da ya taɓa ɗauka. Shafin da ke kiran kansa muryar matasan Nijar, amma duk masu tafiyar da shi suna waje kuma ya canza suna sau uku, ya cancanci a tsaya a yi tambaya. Bidiyo kuma na ɗauke da shaidunsa: lambar mota, rubutun allon shago, kakin jami'ai, karin harshen masu magana, ko damina ce ko rani. Saƙon muryar da ba a san mai shi ba, ba a san garin da aka ɗauke shi ba, mafi sauƙin kariya daga gare shi ita ce ya tsaya a wayar da ya iso.