Ɗaki ya ƙi ɗumi? Ku duba daɓe da rufi kafin ku ƙara garwashi

Tambayar wannan makon ta fito ne daga wata uwar yara huɗu a Muchalla, cikin ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa a jihar Adamawa. Ta ce bana suka tare a sabon gida na bulo mai rufin kwano, an shimfiɗa tayil, amma tun da hunturu ya kama ɗakin ya ƙi ɗumi. Kullum da dare sai ta shigo da kaskon garwashi ta rufe ƙofa da taga, duk da haka da asuba yara na karkarwa, kuma suna tashi da ciwon kai da kasala. Har sau biyu ta ba su maganin zazzaɓin cizon sauro. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne tsohon ɗakin ƙasa na surukarta ya fi nasu ɗumi ba tare da wuta ba.

'Yar'uwa, kafin komai: ki daina kwana da kaskon nan daga yau. Dalilin yana tafe. Amsar kuma ta shafe mu duka, domin irin wannan ginin ne ya cika unguwanninmu daga Mubi har Kano, ko da yake mutanen gindin duwatsun Mandara sun fi mu sanin ɗarin asuba.

Idan ɗaki ya ƙi ɗumi, yawanci ba wuta ce ta yi kaɗan ba, ɗumin ne yake zurarewa, kamar mai ɗura ruwa a randa mai tsaga. Ta wurare uku yake fita.

Na farko shi ne daɓe. Tayil da siminti suna zuƙe zafin duk jikin da ya taɓa su. Iska mai ɗumi tana tashi sama, mai sanyi kuma ta kwanta a ƙasa, daidai inda muke shimfiɗa wa yara 'yar siririyar katifa. Ku gwada: da asuba ku ɗora tafin hannu a kan tayil, sannan ku ɗora a kan tabarma. Maganin ba shi da tsada. Ku shimfiɗa kwali ko buhuna, ku ɗora tabarma ko darduma a kai, sannan katifa. Ledar ɗaki ita kaɗai ba ta tare sanyi. In da hali, a ɗaga yara a kan gado ko katako. Abin da ke ƙarƙashin mai barci yana da muhimmanci kamar bargon da ke kansa.

Na biyu shi ne rufi. Kwano yana ɗaukar zafi da sauri, yana kuma saki da sauri. A daren hunturu yakan yi sanyi ƙarara, ya kwashe ɗumin da ya taru a sama. Ɗakin da ba shi da silin ba zai riƙe zafi ba ko da buhun gawayi aka ƙona. Idan kuɗin silin bai samu ba tukuna, ana iya ɗaura tabarmi ko asabari a ƙarƙashin kwanon, nesa da wayoyin lantarki. Nan ne sirrin ɗakin surukar yake: katangar ƙasa mai kauri tana shan rana da yini, ta riƙa sakin ɗumin a hankali cikin dare, jinka kuma ba ta barin sa ya fita.

Na uku su ne kafofi: ƙasan ƙofa, gefen taga, da tsakanin katanga da rufi. Ku riƙe zare a bakin ƙofa da magariba, za ku ga inda iska take kutsowa. Tsumma a ƙasan ƙofa da labule mai kauri sun isa. Sai dai wannan toshewar ta ɗakin da babu wuta a cikinsa ce kawai.

Yanzu ga batun kasko. Gawayin da ke ci yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau sama da 200, sai jiki ya rasa iskar da yake bukata alhali mutum yana numfashi. Da yawanmu mun ɗauka idan garwashi ya ruru ya daina hayaƙi to ya zama lafiya. Ba haka ba ne, jan garwashi marar hayaƙi yana ci gaba da fitar da gubar. Alamominta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da ruɗewa, shi ya sa ake ɗauka zazzaɓi ne. Abin lura: idan duk waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya suka tashi da ciwo iri ɗaya, suka kuma ji sauƙi bayan sun fita waje, ku zargi iskar ɗakin. Jarirai, masu juna biyu, tsofaffi da masu ciwon zuciya ko ƙarancin jini su ne take fara kayarwa. Mai barci kuwa yana iya wucewa bai farka ba. Hayaƙin janareta ma guba ɗaya ce.

Ba mu kaɗai muka taɓa shiga wannan tarkon ba. A Koriya, tun zamanin da suna ɗumama ɗaki ta ƙarƙashin daɓe, da tsarin da suke kira ondol: zafi da hayaƙin murhu suna bi ta ramukan da ke ƙarƙashin ɗaki su fita ta bututu. Da suka koma amfani da curin kwal, musamman a shekarun 1960 da 1970, gubar ta riƙa ɓullowa ta tsagar daɓe tana kashe mutane a cikin barci. Daga baya suka koma bututun ruwan zafi da ake binnewa a cikin siminti, irin wanda 'yan'uwanmu mazauna Turai suke samu a wasu gidaje. Shi ma idan ya ƙi ɗumama gida, masu gyara suna duba ko iska ta maƙale a bututu, ko famfon tura ruwa ya tsaya, ko kafet mai kauri ya danne zafin, ko kuma magina ba su sa abin tare zafi a ƙarƙashi ba, ɗumin yana tafiya cikin ƙasa. Ko a can ɗin, ana fara neman inda zafin yake ɓacewa ne kafin a ƙara wuta.

Mu ma muna da namu: gadon ƙasa da ake zuba garwashi a ƙarƙashinsa, wanda aka fi yi wa maijego. Ban da haɗarin guba da ƙuna, likitoci a Zariya sun lura tun shekarun 1970 cewa ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a yankin, suka kuma danganta shi da kwanciya a gado mai zafi, wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da yawan shan kunun kanwa. Kada garin gyaran gira a rasa ido. Maijego ta yi wanka da ruwa mai ɗumi, ta sa kaya masu kauri. Jinjiri kuma a sa masa hula da safa, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata a lulluɓe su tare lokacin da take farke. Kada a yi masa wanka da sanyin asuba, a bari rana ta ɗaga.

To, me za ku yi a daren yau? Ku ji ɗumin wuta a tsakar gida ko a buɗaɗɗen wuri, ku kashe ta kafin ku shiga kwana. Yara su ci abinci mai zafi, su sa riga biyu ko uku marasa nauyi, da hula da safa. Da rana ku buɗe labulen da rana ke shigowa ta nan, ku rufe kafin magariba. Masu hita ta lantarki su nisanta ta da labule da gidan sauro, kada su haɗa ta da wasu kaya a soket ɗaya, domin hunturu lokacin gobara ne. Janareta ya zauna a waje, nesa da taga.

Idan kuka tarar da wani ya galabaita a ɗakin da aka kwana da wuta, ku buɗe ƙofa da taga, ku fitar da kowa waje nan take. Kada ku ɗura wa wanda ya suma madara ko manja, zai iya shaƙewa. Ku kwantar da shi a gefensa, ku garzaya asibiti mafi kusa, ku kuma faɗa wa ma'aikata cewa an kwana da gawayi, domin iskar oksijin yake bukata. Ko ya farfaɗo a hanya, a ƙarasa da shi.

'Yar'uwa ta Muchalla, ki fitar da kaskon, ki gyara shimfiɗa, ku yi shawarar silin da maigida. Idan ciwon kan yaran bai tafi ba, ko zazzaɓi ya biyo baya, ki kai su a gwada jininsu kafin ki sake ba su magani. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.