Harajin Da Ya Hana Mu Aiki Ba Na Gwamnati Ba Ne

Wata huɗu ya rage in ajiye biro a wannan makaranta. Duk wanda ke ajin ƙarshe ya san tambayar da ke hana mu barci: in mun karɓi takardar difloma, ina za mu kai ta? Rannan a ajin tattalin arziki malaminmu ya zana mana amsar a allo tsaf. Gwamnati ta sassauta wa kamfanoni haraji, kuɗi ya zauna a hannunsu, su faɗaɗa harka, su ɗebi ma'aikata. Ko kuma ta zuba kuɗi cikin jama'a, ciniki ya motsa, 'yan kasuwa su nemi ƙarin hannu. Na kwafe, don na san zai fito a jarrabawa. Amma ina kwafa ina tuna Batsari, inda aka haife ni, da Safana, garin kakannina na wajen uwa, sai na ga zanen nan bai kai can ba.

Ra'ayina shi ne, rangwamen haraji da kuɗin tallafi su kaɗai ba sa haifar da aikin yi. Mutum yana ɗaukar ma'aikaci ne idan masu saye sun yi masa yawa, kuma yana da tabbacin gobe zai buɗe shago lafiya. In babu waɗannan biyun, ko nawa aka yafe masa aljihu zai tura.

Mu fara da harajin. A 1971 Najeriya ta yi dokar da ta riƙa ba wasu masana'antu hutun haraji na shekara 3, a iya tsawaita shi ya kai 5. Dokar kuɗi ta 2019 kuma ta cire wa ƙananan kamfanonin da cinikinsu bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba harajin kamfani gaba ɗaya. Abu ne mai kyau a takarda. To amma kafin a yafe maka harajin riba, ai sai kana da rajista, kana kuma da ribar. Ku shiga kasuwar Batsari ranar da take ci, ku bi layin masu rogo da masu hatsi da masu walda da teloli, ku ƙirga mutum nawa wannan yafiya ta shafa.

Kawuna yana da injin niƙa da na ɓarzar masara. Lokacin da nake firamare yara huɗu ke aiki a ƙarƙashinsa, kowa da iyalinsa yake ci a nan. Daga baya suka koma ɗaya. Na taɓa tambayarsa, na ce, “Kawu, da gwamnati za ta ɗauke maka haraji, za ka mayar da yaran?” Dariya ya yi. Ya ce, “Ɗana, kuɗin rasit ɗin kasuwa ne zai hana ni ɗaukar yaro? Masu kawo niƙan ne babu.”

Ina suka tafi? Kowa a nan ya sani. Ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu, ta ɓangaren Batsari da ta Safana, wasu sun watse, wasu kuma sai sun haɗa kuɗi sun kai wa 'yan bindiga kafin a bar su su yi shuka, su sake haɗawa kafin girbi. Wannan shi ne harajin da ya fi kowane nauyi a yankinmu, kuma babu ofishin da za ka kai takarda a yi maka rangwame. Ba mu manta da Tsauwa da Dankar ba, a watan Fabrairun 2020. A 2021 kuma gwamnatin jiha ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da na Batsari da Safana, aka katse layukan waya na tsawon watanni. Don tsaro aka yi, amma mai POS da mai cajin waya da dillalin awaki duk zaman gida suka yi. Da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin motar ɗauko buhu daga ƙauye ya ƙara cinye ɗan abin da ya saura.

Sai batun kuɗin da ake rabawa. A 2021 aka yi shirin nan na ɗaukar mutum 774,000, wato dubu ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, a kan naira 20,000 a wata har wata uku. Ku yi lissafi: naira miliyan 60 ke nan ga Safana, wasu miliyan 60 ga Batsari. Wani yayana ya samu shiga. Ya yi shara, ya yashe kwata, ya sayi hatsi ya biya bashin mai shago. Wallahi ya ji daɗin kuɗin, kuma ba zan raina abin da ya sa tukunya ta hau wuta ba. Amma a wata na huɗu yana nan inda aka same shi. Sunan wannan agaji, kuma agaji yana da ranarsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ƙirga shi cikin “ayyukan da aka samar”.

Haka shirin Anchor Borrowers da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamban 2015. Babban Bankin Najeriya ya fitar da fiye da naira tiriliyan 1 rance ga manoma, kuma kaso mai yawa bai dawo ba. Wasu sun ɗauka rabon arziki ne, wannan gaskiya ne. Amma ku tambayi kanku, manomin da aka ba taki da iri alhali gonarsa tana wurin da in ya je ba lalle ya dawo ba, da me zai biya?

Kada a ce matsalar ƙauye ce kawai. Wajajen 2010 an ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don farfaɗo da masaƙu. Ku je Kakuri a Kaduna ku ga ko hayaƙi na tashi kamar da. Kuɗi ya zo, amma wutar lantarki ba ta zo ba, atamfar waje mai araha kuma ba ta daina cika Kantin Kwari ba. An ba mara lafiya abinci, ba a taɓa ciwon ba.

Ko a Amurka an ga irin haka. A 2017 jihar Wisconsin ta yi wa kamfanin Foxconn alƙawarin rangwame na kusan dala biliyan 3, shi kuma ya ce zai ɗauki mutum 13,000. A 2021 aka sake zama, ayyukan suka koma 1,454, rangwamen ya koma dala miliyan 80. Jihar ta yi asarar abin da ta kashe wajen share fage, amma abu ɗaya ya rage mata zafi: a yarjejeniyar an rubuta cewa sai ka ɗauki mutane, an ƙirga su, sannan a ba ka. Mu a nan ranar raba cek ake ɗaukar hoto, daga nan babu mai komawa ya leƙa.

Na san abin da wasu abokaina na sashen kasuwanci za su ce: sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, matashi ba zai fara komai ba babu jari. Haka ne. Ni ma in an ba ni ba zan mayar ba. Abin da nake cewa a bi abin daki-daki. Tun da aka yi zaman sulhu a yankinmu a 2025, duk da saɓanin da ake yi a kansa, wasu manoma sun koma gonakin da suka bari. Hutun da ya wuce na tarar Kawu ya mayar da yaro na biyu. Ko sisi ba a ba shi ba. Buhuna ne suka dawo ƙofar injin.

Saboda haka ga roƙona ga masu riƙe da akalar. Na farko, a ɗauki kuɗin tsaro da na hanyar ƙauye da na wuta a matsayin kuɗin samar da aiki, domin su ne. Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar a watan Oktoban 2023 ta ba matasa albashi, amma babban ma'auninta shi ne gonaki nawa aka koma nomawa. Na biyu, duk kamfanin da za a yi wa rangwame a ɗaura shi da yawan 'yan jihar da ya ɗauka kuma suka shekara a bakin aiki. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta maye gurbin tsohon hutun da rangwamen da ake aunawa da jarin da kamfani ya zuba a zahiri. An ci gaba, amma injuna take ƙirgawa, mu kuwa mutane muke so a ƙirga. Na uku, hukumar KASEDA da sauran masu raba jari su riƙa fitar da sakamako bayan shekara guda: cikin waɗanda aka ba, nawa ne har yanzu shagonsu ke buɗe?

Mu kuma, 'yan uwana ɗalibai, da namu laifin. Da an ce an buɗe fotal, sai ka ga kafe ta cika har waje, babu mai tambayar wata nawa abin zai yi. Muna da masu karanta akanta da ƙididdiga a makarantar nan. Me zai hana ƙungiyar ɗalibai ta nemi sassanmu su mayar da wannan aikin binciken kammala karatu? Kowa ya koma ƙaramar hukumarsa, ya nemo mutum 20 da suka taɓa karɓar tallafi, ya rubuto abin da suke yi yau. Ni na riga na kai wa mai duba aikina wannan batu, kuma da gidanmu zan fara.